Abin da ke sa injin jirgin ruwa ya rasa ƙarfi idan an yi lodi

A garuruwan da ke bakin Kogin Kwara da Tafkin Kainji, tun daga Yauri zuwa Warra har ƙasar Borgu a ɗaya ƙetaren, jirgin ruwa shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar kai maras lafiya asibiti. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya shimfiɗu tsawon fiye da kilomita 100, kuma ƙauyuka da dama ba su da hanyar fita sai ta kansa. Yawancin jiragen katako da ke wannan zirga-zirga suna amfani ne da injin da ake ratayawa a katakon baya, musamman ƙirar Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a cikin tanki ɗaya.

Akwai wani koke da masu jirage suka saba kawo wa makanikai. Inji ya tashi da ja ɗaya, ya yi ƙara mai daɗi a bakin gaɓa, amma da zarar an ɗora buhuna da fasinja, an sa giya, an murɗa totur, sai ya fara shaƙewa, ko ya yi sanyi, ko ya mutu gaba ɗaya. Wannan matsala ta wuce ɓata lokaci. Jirgin da ya rasa ƙarfi a tsakiyar kogi ba ya jin juyawa, domin ruwan da farfela ke turawa shi ne linzaminsa. Igiyar ruwa takan karkatar da shi ya ba ta gefe, kuma ta gefen ne ruwa ke samun hanyar shiga jirgin da ya riga ya nutsa da kaya.

Ya kamata a fara fahimtar dalilin da ya sa lahanin ba ya bayyana a bakin gaɓa. Idan inji yana firi, wato ba a sa giya ba, babu abin da yake turawa sai kansa. Ɗan man da yake sha a wannan hali bai taka kara ya karya ba, alhali kuwa inji mai doki 40 da aka buɗe wa totur gaba ɗaya yakan sha abin da ya kusa lita 20 a cikin sa'a guda. Saboda haka tiyon da ya toshe rabi, ko fulogin da ya gaji, za su iya riƙe injin a firi ba tare da an gane komai ba. Wannan ne ya sa ba mu gamsu da al'adar nan ta gwada inji a cikin durom ɗin ruwa a bakin shago, a murɗa shi a firi, a ce ya gyaru ba. Gwajin durom yana nuna cewa inji yana tashi, kuma ruwa yana zagayawa a cikinsa. Bai nuna ko zai iya haura kogi da buhu talatin ba.

Saurari ƙarar tukuna

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, muna ba da shawarar a kasa kunne. Tambayar farko ita ce, a lokacin da jirgin ya rage gudu, ƙarar injin tashi ta yi ko sauka? Amsar wannan tambaya ta raba matsalar gida biyu, kuma takan hana mai jirgi kashe kuɗi a inda babu lahani.

Idan ƙarar ta tashi sama, injin yana ihu amma jirgin bai ƙara gudu ba, to injin lafiyarsa lau, ƙarfinsa ne ba ya isa ga ruwa. A nan farfela ake dubawa. A tsakiyar farfelar manyan injuna akwai wata roba da aka matse tsakanin fukafukan da ƙarfen da ke riƙe da sandar juyawa. An yi ta ne domin ta zame idan farfela ta bugi kututture ko dutse, kada giya ta karye. Da yake ƙarƙashin Tafkin Kainji cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, wannan bugu ba baƙon abu ba ne. Robar da ta taɓa zamewa takan riƙe a ƙaramin gudu, ta saki idan an nemi ƙarfi. Gwajinta mai sauƙi ne: a ja layi ɗaya da fenti ko ƙusa daga tsakiyar ƙarfen zuwa jikin farfela, a yi ɗan gudu da lodi, sannan a ɗaga injin a duba. Idan layin ya rabu biyu, robar ta mutu. Waɗansu ƙananan injuna kuwa ɗan ƙarfe ne mai kamar ƙusa ke yin wannan aiki, yakan karye a maimakon giya, kuma ya kamata kowane direba ya riƙa ajiye biyu ko uku a akwatin kayan aikinsa.

Haka kuma ƙarar takan tashi idan farfela tana jan iska daga saman ruwa. Wannan yana faruwa idan an rataya injin ya yi sama da yawa, ko an tara kaya a goshin jirgi har bayansa ya ɗaga, ko leda ta naɗe ƙafar injin. Faffaɗan ƙarfen da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi ko ya ɗan sauka ƙasa da shi kaɗan. Injuna suna zuwa da gajeriyar ƙafa mai inci 15 da doguwa mai inci 20, kuma wanda ya sayi inji na hannu ba tare da ya auna katakon bayan jirginsa ba yana iya shekara yana zargin injin a banza.

Idan kuwa ƙarar sauka take yi, injin ne da kansa ke kasawa, ko kuma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Hanyar mai

Mafi yawan lokaci laifin yana kan hanyar da fetur ke bi daga tanki zuwa kafireta, kuma ya fi kyau a bi ta daga tankin, domin abubuwan da ke can su ne suka fi araha. A kan murfin tanki akwai ɗan sukuru na shigar iska. Idan an manta ba a sassauta shi ba, ko ƙura ta toshe shi, iska ba za ta maye gurbin man da ke fita ba. Injin zai yi tafiya ta mintuna kaɗan lafiya, sannan ya fara shaƙewa, wani lokaci har a ga jikin tankin roba ya lotsa. A buɗe murfin a lokacin da abin ke faruwa. Idan aka ji iska ta shiga, injin kuma ya farfaɗo, an gama bincike. Masu amfani da jarka a maimakon tanki, suna cusa tiyo ta baki su toshe gefensa da leda, su ma wannan matsala takan same su.

Daga nan sai ƙwallon robar da ke jikin tiyo, wanda ake matsawa domin jawo mai kafin a tayar da inji. Wannan ƙwallo yana ba da labari sosai ga wanda ya san karatunsa. Idan ya lotse ya manne a lokacin tafiya, toshewar tana tsakaninsa da tanki: ko ƙofar iska, ko ragar da ke bakin bututun cikin tanki, ko tiyon ya lanƙwashe a ƙarƙashin buhu. Idan kuma bai lotse ba, amma duk sa'ad da aka matsa shi injin ya dawo da ƙarfi, to hannun mutum ne ke yin aikin famfon mai. Ma'ana famfon ya gaji, ko kuwa iska tana shiga ta wata tsaga a tiyo ko ta mahaɗinsa da inji. Rana da zafi suna busar da tiyo ya tsattsage, kuma tsagar da ba ta zubar da ɗigon mai ko ɗaya tana iya shigar da iska mai yawa. Akwai alamar kibiya a jikin ƙwallon, wajibi ne ta fuskanci inji.

Famfon mai na irin waɗannan injuna wata siririyar fatar roba ce da bugun cikin inji ke motsawa. Idan ta yi tauri ba ta tura mai isasshe, idan kuma ta huje sai fetur ya riƙa malala cikin silinda ɗaya ya jiƙa fulogi.

Sai batun man kansa. Fetur ɗin da ke isa bakin ruwa yakan bi ta durom da jarka da mazurari kafin ya shiga tanki, kuma a kowane mataki yana iya ɗaukar ruwa, tsatsa ko yashi. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashi ya ninka, kwaɗayin gauraya fetur da wani abu ya ƙaru, haka kuma jarabar ajiye ragowar mai na makonni. Ko man da ya fito daga gidan mai ba a rantsuwa a kansa, domin ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima cikin ƙasar nan, ya lalata motoci da dama. Hanyar ganewa ita ce a tsiyayi mai daga gindin tanki a zuba a farar kwalba a ajiye ta ɗan lokaci. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi da ido. A duba kuma ɗan kofin tace mai da ke cikin injin, wanda yawanci ana iya ganin abin da ke cikinsa.

Dangane da gauraye, ma'aunin da ya fi yawa ga waɗannan injuna shi ne kashi 50 na fetur ga kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 20 ga kowace lita, ko rabin lita ga jarka mai lita 25. Sabon inji yakan bukaci ninkin haka a sa'o'insa na farko, kuma abin da littafin injin ya faɗa shi ne abin bi. Man da ya dace shi ne wanda aka yi domin injin ruwa mai bugu biyu, mai alamar TC-W3 a jikin galan. Waɗansu sukan zuba man mota, waɗansu kuma su ƙara ma'auni da niyyar tausaya wa inji. Duka biyun suna tara baƙin toka a kan fistan da fulogi da mafitar hayaƙi, kuma a hankali ƙarfi ya riƙa raguwa.

A ƙarshen wannan hanya ne kafireta take. A cikinta akwai ƙaramar ƙofa da ke ba da mai a ƙaramin gudu, da babbar ƙofa da ke aiki idan an buɗe totur. Ƙwayar yashi guda a babbar ƙofar ta isa ta haifar da ainihin abin da muke magana a kai, domin ƙaramar tana nan tana aikinta a bakin gaɓa. Ana gwada wannan da cok: a lokacin da injin ke shaƙewa a ɗan ja cok kaɗan. Idan ya farfaɗo, mai ne ya yi masa kaɗan. Idan ya ƙara lalacewa, mai ya yi yawa ko laifin yana wani wuri dabam. Ana wanke ƙofofin da fetur da iska. Kada a zura musu waya ko allura, domin tagulla ce mai laushi, kuma ƙofar da aka faɗaɗa ba ta komawa.

Akwai gargaɗin da muke so masu jirage su riƙe a nan. A injin da ake gaurayawa, baƙin man da ke shafa fistan yana tafiya ne tare da fetur. Silindar da ba ta samun isasshen fetur ba ta samun isasshen baƙin mai ke nan. Direban da ya ci gaba da danne totur yana lallaɓa injin da ke ƙishirwa domin ya kai kasuwa a kan lokaci yana iya ƙona fistan, gyaran ɗan tiyo ya koma gyaran buɗe inji.

Wuta, zafi da tsufa

Injuna masu doki 15 zuwa 40 da muka ambata silinda biyu gare su, kuma ɗaya tana iya mutuwa ɗayar ta ci gaba da juya injin a firi kamar ba komai. Da an sa giya sai a ga ƙarfi ya ragu fiye da rabi, jirgin yana kakkarwa. A kwance fulogin biyu a jera su. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne a bushe. Baƙi mai danshi ba ya kama wuta ko mai ya yi masa yawa. Fari fat alamar ƙarancin mai ne da zafi. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi, ko da ɗigon ruwa a jikinsa, yana nuna ruwa na shiga silinda ta gaskit. Tartsatsin da aka gani a fili ba hujja ba ne, domin a cikin silinda, inda iska ke matse, wutar tana bukatar ƙarfi fiye da haka kafin ta tsallaka. Idan an musanya fulogi matsalar ta ci gaba a silinda ɗaya, a duba hular fulogi da wayarsa da kwayil. Kwayil da ya fara mutuwa yana da wata ɗabi'a: yakan yi aiki da sanyi, ya yanke idan ya ɗau zafi, ya dawo bayan an huta.

Zafi ma yana rage ƙarfi. Injin yana jan ruwan kogi ta ƙananan ramuka a ƙafarsa, wata roba mai fukafukai tana tura shi sama. Kogin Kwara a yankin Yauri yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina da ke zuwa da laka da yashi wajen watan Satumba, akwai kuma wadda ke isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi bayan ta daɗe a fadamun Mali, ruwanta ya fi tsabta. Ta farkon ce ke cinye wannan roba. Kainuwa da ciyawa da leda kuma suna toshe ramukan. Ya zama ɗabi'ar direba ya riƙa waiwayawa yana duba siririn ruwan da injin ke fesowa ta baya. Idan ya ragu ko ya tsaya, a kashe inji nan take. Tayar da inji a tudu ba ruwa, ko da na ɗan lokaci ne, yana ƙona robar. Waɗansu sababbin injuna suna rage gudu da kansu idan sun yi zafi, kuma hakan kariya ce da aka gina musu, bai kamata a cire wayarta ba.

Idan duk waɗannan sun fita lafiya, saura ƙarfin matsi. Makanike yana da agogon aunawa da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Abin lura shi ne bambanci tsakanin silindar biyu: idan ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100, zoben fistan ya ci ko ya manne, kuma aikin ya zama na buɗe inji.

Lodin kansa

Har ila yau akwai lokacin da za a bincika komai a tarar babu lahani ko ɗaya. Injin Enduro mai doki 40 an yi shi ne ya yi juyi 4,500 zuwa 5,500 a minti idan an buɗe totur duka. Idan lodi ya hana shi kaiwa nan, yana aiki ne kamar motar da ake haura tudu da ita a babbar giya, yana zafi, yana tara toka, yana shan mai ba tafiya. Farfela ita ce giyarsa, kuma lambobi biyu da aka buga a jikinta suna nuna faɗinta da nisan takunta a inci. Rage inci ɗaya na taku yakan ƙara juyi 150 zuwa 200. Jirgin dakon hatsi da dabbobi yana bukatar farfela mai gajeren taku, kuma kuskure ne a sa masa irin ta jirgin gudu don kawai ita aka samu a kasuwa. Fukafukin da ya lanƙwashe ko ya gutsure, da zaren koma da ya naɗe a bayan farfela, duk suna cin ƙarfi. Zaren yana kuma yanka robar da ke hana ruwa shiga akwatin giya, kuma ana gane haka idan man giya ya koma fari kamar nono.

Akwai kuma nauyin da ba a lissafawa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan da ya taru a ƙarƙashin daɓen babban jirgi yana iya kai nauyin mutane da yawa, ga shi kuma yana gudu gefe zuwa gefe. Sai yawan fasinja. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Warra, mafi yawansu ba su tsira ba, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan lodi fiye da ƙima. Dokokin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, sun hana irin wannan lodi da tafiyar dare, sun kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Injin da ke nishi tun daga tashi, alhali jiya da rabin kayan ya yi gudu lafiya, ya riga ya faɗa wa direba abin da ke damunsa, kuma maganinsa a sauke kaya tun ana bakin gaɓa.

Idan abin ya faru a tsakiyar ruwa, a sassauta totur zuwa inda injin ke iya riƙewa, a fuskantar da goshin jirgi ga igiyar ruwa, a nemi gaɓa mafi kusa ko da ba ita aka nufa ba. Fasinja su zauna a inda suke, kada su taru a gefe ɗaya, a fito da filafili tun injin bai mutu ba. Abin da za a iya dubawa a kan ruwa shi ne murfin tanki, ƙwallon roba, tiyo, da ledar da ta naɗe ƙafar inji, wannan na ƙarshe bayan an kashe injin. Kwance kafireta ko fulogi aikin tudu ne, nesa da mai shan taba. Bayan an yi gyara kuma, a ɗora buhunan yashi ko duromomin ruwa daidai nauyin da jirgin ya saba ɗauka, makanike yana ciki, a haura kogi kusa da gaɓa da cikakken totur na tsawon minti 15 zuwa 20 har injin ya ɗau zafi, sannan a sallame shi ya ɗauki mutane.